Hoton Ranar Awo

Littafin yana buɗe a kan cinyar Ustad Shahdad, kuma an rasa mai miƙa hannu ya rufe shi.

Baƙi biyu ne suka zo da shi, wata 'yar gayu mai tabarau da abokin aikinta, daga can unguwar masu hali ta bakin teku. Sun sha tambaya a lungunan unguwarmu ta Liyari kafin a nuna musu gidan tsohon ɗan damben. Suka tarar da ɗakin cike da mu, mata 'yan dubiya, don likita ya riga ya sallamo Ustad, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Matarsa Durnaz ta zuba musu shayi, a zatonta ƙungiyar 'yan dambe ce ta turo su.

"Baba, kai ne nan," in ji 'yar gayun, bakinta har kunne. "Littafin tsofaffin hotunan 'yan dambe ne, kuma naka ya fi na kowa. Har a ƙasar waje an rataye shi, mutane na bin layi su kalla. Sa hannunka kawai muke so."

Durnaz ta leƙa. Wani ƙaƙƙarfan namiji ne tsaye a kan sikeli, ya ɗaga hannuwa sama, tsirara haihuwar uwarsa. Ba wando, ba bante, ba ko ƙyalle. Fuskar kuwa ko makaho ya shafa ya san ta, ga karyayyen hancin nan, ga tsagar gira.

Tsohuwa Shari ta ja mayafi ta rufe ido tana salati. Wata daga bayanmu ta ƙunshe dariya, ba ta ƙunsu ba.

"A ina kuka samu?" Ustad ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Wajen Yaru mai hoto. Shi da kansa ya ba mu fim ɗin kyamarar da hoton ke ciki. Ya ce ai kai amininsa ne."

Durnaz ce ta rufe littafin. Ta miƙa musu abinsu, ta tsaya a bakin ƙofa har sai da suka gane shayin ya ƙare. Mu ma muka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da za ta kai gida.

Da ɗaki ya zama nasu su biyu, ta zauna a gefen gado.

"Baban Gulnaz, mene ne wannan?"

Ya gaya mata, idonsa na kan silin. Ranar awon nauyi ce, tun bai aure ta ba, lokacin ya ɗan haura shekara ashirin. Kun san 'yan dambe, kowa da ajin nauyinsa, in ka ɗara ko da ƙwayar shinkafa ce ba kai ba wasa. Ya yini bai sha ruwa ba, ya yi gudu cikin rana, ya tofar da yawu har bakinsa ya bushe, amma sikeli ya ce da saura. Mai awo ya ce sai dai ya cire wandon. Haka ake yi, maza ne zalla a ɗakin, kuma kowa ya san ƙa'ida: a kau da kai har mutum ya sauko. Kowa ya kau da kai, ban da Yaru. Shahdad ya ji ƙaras ɗin kyamara.

"Na shaƙe shi a jikin bango," in ji shi. "Washegari ya kawo min toka a takarda. Ya dafa Alƙur'ani ya ce fim ɗin ke nan."

Sai a lokacin Durnaz ta gane maganar da ta ji har ta gaji da ji. Duk layinmu babu wanda bai san Yaru ne zai yi wa Ustad wankan gawa ba. A wurin shan shayi Ustad yake faɗa, a ƙofar masallaci yake faɗa. "Wannan ɗan rainin hankalin ne zai wanke ni. Ya iya gani ya yi shiru." Mutane su yi dariya, ba wanda ya san tushen zancen. Ashe a kan toka aka gina shi. Ita kuwa shekara nawa tana ware wa Yaru kan kifi, don mijinta ya ce shi yake so.

Da la'asar sai ga Yaru, yadda ya saba kullum, da rumman biyu a leda.

"Ina tsohon jakin? Bai mutu ba dai?"

Ya dubi Durnaz, ya dubi gadon, ledar ta yi masa nauyi.

"Sun zo ke nan," ya ce.

"Tokar mene ce ka kawo min, Yaru?" in ji Ustad.

Yaru ya sunkuyar da kai. "Fim ɗin bikin wani mai gidan burodi ne. Dama bai fita ba."

"Ka dafa Alƙur'ani."

"Na kunna ashana, Shahdad, wallahi na kunna. Hannuna ya ƙi. Ni me na ɗauka a duniya? Hoton fasfo, hoton angwaye masu kumburarren ciki. Wannan kaɗai ne na san na yi aiki. Dubi yadda ciwo ya mai da kai. A can kuwa ba ka tsufa, ba ka tari, duniya na kallonka."

"Wa ya ce maka ina so duniya ta kalle ni? Uwar 'ya'yana ma ba ta taɓa ganina haka da rana tsaka ba. Yau Shari ta gani. Shari, mai baki kamar rediyo!"

Tari ya sarƙe shi. Durnaz ta tallafe shi, ta ba shi ruwa. Da ya lafa, bai ƙara duban Yaru ba. Ita ya duba.

"Ki gaya wa liman shi zai wanke ni. Wannan kada ya taɓa ko yatsana."

"Shahdad," in ji Yaru.

"Tafi da rummanka."

Ustad bai ƙara kwana da yawa ba. Da hantsi ya cika, Durnaz na shafa masa mai a ƙafa.

Kafin azahar layi ya cika da tsofaffin 'yan dambe, masu karkatattun hanci da kunnuwa kamar soyayyen ƙosai. Da Yaru ya ɓullo, ya naɗe hannun riga, riƙe da ganyen magarya da kafur, sai suka dare suka ba shi hanya. A saninsu aikinsa ne. Babu wanda ya ji abin da Ustad ya faɗa sai Durnaz da shi Yaru kansa, kuma da ta yi shiru da shi ke nan.

Ta gan shi ta jikin labule. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan, idanunsa sun yi ja. Tausayi ya taso mata, ta haɗiye shi.

"Yaya Yaru," ta ce daga bayan labulen, yadda kowa zai ji. "Tsaya nan."

"Durnaz, ki bar ni in yi masa wannan kaɗai. Zan rufe idona."

"Da can ya kamata ka rufe. Ka riga ka ga rabonka. Liman, bismillah."

Liman ya karɓi magaryar daga hannunsa, ya shiga da mutum biyu, aka ja ƙofa. Tsofaffin 'yan damben suka kau da kai daga Yaru.

Ya koma ya zauna a dakalin da ke fuskantar gidan, hannun rigarsa a naɗe. Can sai ruwan wankan ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana ƙamshin kafur. Ya gangaro a hankali ta tsakiyar lungun, ya iso gaban dakalin, ya jiƙa masa takalmi. Bai ɗaga ƙafarsa ba.