Fitilar da Ba Ta Ganin Mai Barci

A ƙarƙashin babban asibitin, can hawa na uku cikin ƙasa, akwai wurin ajiye motoci mai wasu fitilu masu ido. In mutum ya shigo yana tafiya, sai su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya a gabansa kamar masu yi masa iso. In ya tsaya cak na ɗan lokaci, sai su ɗauka ya tafi, su mutu. Motsi kaɗai suka sani. Mai barci a wurinsu ba mutum ba ne.

A wurin Likita kuwa, mai barci shi ne mutum. Aikinta ke nan a saman wannan ginin, sa mutane barci kafin a yi musu tiyata. Tana zama daidai kan mara lafiya, idonta kan na'ura, kunnenta kan numfashi, har a ɗinke a gama. Duk sabuwar ɗaliba da aka kawo mata, karatun farko ɗaya ne: "Mai barci amana ne. Ko fitsari ya matse ki, ba kya tashi daga kujerar nan sai wani ya zauna."

Mijinta Injiniya ne, gada yake ginawa a bayan gari. In aka haɗa albashinsu biyu, dangi sai su riƙe baki. Duk wanda aka yi wa haihuwa ko rufin ɗakinsa ya yaye, lambarsu yake fara nema. Kallon kitse ake yi wa rogo. Gidan da suke ciki, ɗaki biyu da falo a saman wani dogon bene, rabinsa na banki ne, kuma bankin nan kamar an yi masa baki, kowace shekara sai ya ƙara buɗe maƙogwaro. Ga gidan renon yara da ake kai 'yarsu ɗaya tilo, wadda suke kira Kurciya, mai shekara biyu da 'yan watanni. Kuɗin renonta ya kusa kamo kuɗin gida. Sun taɓa ɗaukar mai reno, wasu maƙwabta suka ninka mata suka ɗauke ta. Mota biyu ta koma ɗaya.

Da gidan renon ya sake ƙara kuɗi, sai suka zauna a kicin wata Lahadi suka yanka yinin gida biyu. Likita ta koma aikin dare. Injiniya ya kwana da yarinya, da safe ya kawo ta asibiti a mota ya taka zuwa tasha, Likita ta karɓe ta da motar, da azahar a kai ta reno rabin yini, uwar ta samu ta runtsa. Komai ya zauna daidai, sai wani ɗan gurbi. Jirgin ƙasan da ke kai Injiniya wurin aiki yana tashi kafin Likita ta sauko, da kamar kwata ɗin awa. Sau biyu ya jira ta ya rasa jirgi, ogansa ya tambaye shi ko gadar ce za ta jira shi.

"To ka hau da ita sama," in ji Likita.

"In kai ta ina? Ɗakin tiyata? Ko in ba mai gadi in ce ga ajiyar Dokta?"

"Allah ya kiyaye. Gobe duk asibiti su ji."

"Dokta, ke fa gwanar barci ce. Yarinyar nan in mota ta yi tafiyar minti biyar, ko ganga aka buga ba ta motsi. Ƙasa akwai sanyi, ba rana. In sauke gilashi kaɗan, in kulle, ke kina da makulli. Kafin ta juya kin iso."

"Baban Kurciya, ka ji abin da kake faɗa kuwa?"

"Na ji. Kawo wata dabarar in bi."

Ta duba tukunya, ta duba taga, ba ta ga wata dabara ba. Suka ce na wata biyu ne kawai, kafin a ga yadda hali zai yi.

Ranar farko da gudu ta sauko, ko takalmin aiki ba ta cire ba. Fitilu suka yi ta kamawa a gabanta har ƙarshen layi, inda yake ajiye motar a lungu don kada a leƙa. Kurciya na kwance a kujerarta, baki buɗe. Mako ya wuce, ta fara tsayawa canza takalmi. Wata biyu ya wuce, ba wanda ya tuna da shi. Kwatan awa kuma abu ne mai naso kamar mai a takarda. Yau a tsayar da ita sa hannu, gobe babban likita ya tare ta da labarin ɗansa.

A cikin wannan lokaci Kurciya ta fito da wani sabon salo. In Likita ta ja labule ɗaki ya yi duhu, sai yarinyar ta ɗaga hannu sama ta riƙa kaɗawa, a hankali, dama da hagu. A lif ɗin hawa bene ma haka, in fitilarsa ta ɗan yi ƙifta.

"Ga 'yar takararmu," in ji Injiniya. "Tana gaida magoya baya. Ranki ya daɗe, in kin ci zaɓe a rage mana kuɗin reno."

Suka yi dariya. Har hoto ya ɗauka.

Mahaifiyar Likita, da ke zaune nesa tana fama da gwiwa, ta kira ta bidiyo wata rana daidai lokacin da Kurciya ta farka. Yarinyar ta buɗe ido, ta kwanta shiru tana kallon silin.

"Ita wannan kishiyar tawa ba ta kuka in ta tashi?" in ji tsohuwar.

"Ta daina, Inna. Haƙuri ne da ita, ba kamar ni ba."

"Haƙuri a wannan shekarun? Hm. Yaron da ya daina kuka, ya gwada ne ya ga ba riba."

"Kai, Inna, ke dai ba a yi miki gwaninta."

"Ni dai na faɗa. Ku masu kuɗi kun fi mu sani."

Likita ta yi dariyar yaƙe ta sauya magana.

Sai kuma maganar safa. Wata safiya ta tarar da safar yarinyar, 'yar rawaya, a ƙasa wajen mota, daidai ƙofar baya. Ta tsince ta, ta leƙa. Kurciya idonta a rufe, ƙafa ɗaya ba safa, hannu ɗaya kuma ya zame daga cikin bel. Da yamma ta ce wa mijin ya riƙa lura, yana zubar da kayan yarinya a ƙasa.

"Ni da safa biyu na bar ta," ya ce.

"To aljanu ne suka cire?"

"Ƙila. Wurin nan dama bai yi mini kama da na mutane ba."

A saman gilashin baya, inda ake barin tazarar yatsa huɗu, akwai wasu 'yan tabo na maiƙo, ƙanana, a jere. Ta gan su. Ta sa gefen mayafi ta goge.

Ranar da abin ya faru, ta riga ta fara haɗa jaka aka turo wani mutum da ya faɗo daga bene, cikinsa na zubar jini. Wanda zai canje ta bai iso ba, wai babbar mota ta kife a hanyarsa. Ba wani mai sa barci a kusa. Ta wanke hannu ta zauna a kujera. Wayarta na cikin loka. Ko da tana hannunta, Injiniya a lokacin ya kulle mota ya kama hanyar tasha.

Agogon ɗakin tiyata a gabanta yake, a bango. Dogon hannunsa ya wuce inda ta saba sauka. Ya wuce inda ta taɓa kaiwa a mafi munin ranakunta. Numfashin mutumin na hawa yana sauka a na'ura, ita kuma wani numfashin take saurare, hawa da yawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta.

"Dokta, yau kin yi shiru," in ji mai tiyata, hannunsa cikin cikin mutum. "Ko ke ma kin shaƙi maganin naki ne?"

Ga nas nan tsaye kusa da ƙofa, ba ta komai. Kalma biyar ta isa a tura ta wurin motar. Makulli na aljihun Likita, tana jin sanyinsa a cinya. Ta buɗe baki, sai ta hango yadda maganar za ta fita daga ɗakin nan ta bi baranda, ta hau ofis, ta koma takarda, takardar ta kai inda ake karɓe wa mutum lasisi, wataƙila har da 'ya. Ta ce a ranta, barci take. Ai kullum barci take.

"Lafiya lau," ta ce. "Jininsa ya ɗan sauka, ku hanzarta."

Dogon hannun agogo ya zagayo inda ya fara, ya wuce. Sannan ƙofa ta buɗe, mai canji ya shigo yana ba da haƙuri. Ba ta tashi ba sai da ta faɗa masa duk abin da ta ba mara lafiya, sai da ya zauna. Daga nan ta fizgi wayarta a loka, ba ta san yadda ta kai lif ba.

Lif ya buɗe a hawa na uku na ƙasa. Duhu. Ta taka, fitilar farko ta kama. Ta kasa kunne ko za ta ji kuka, har addu'a take ta ji shi. Ba komai sai ɗigar ruwa daga wani bututu.

Can ƙarshen layi, a lungu, fitila ɗaya na ci.

Ta tsaya cak. Wa ke wurin? Ba kowa tsaye, ba inuwa, ba ƙofa a buɗe. Tana nan a sandare har fitilar da ke saman kanta ta mutu. Ta lungun ma ta mutu. Duhu ya haɗe ko'ina. Sai ta lungun ta sake kamawa, ita kaɗai.

A ƙarƙashin hasken, ta tazarar gilashin baya, wasu 'yan yatsu sun fito riƙe da safa rawaya. Suna kaɗawa a hankali, dama da hagu. Ba gaggawa a ciki. Hannu ne da ya san aikinsa.

Da ta buɗe ƙofar, Kurciya ta zame rabi daga bel, ta jiƙe har gwiwa, leɓenta ya bushe. Idonta ba alamar hawaye. Da jin ƙarar makulli har ta fara rufe ido ta kwantar da kai, kamar yadda ta saba a same ta. Sai kuma ta buɗe, ta nuna sama.

"Mama, na kunna."

Likita ta ɗauke ta. Sai da ta fito da mota sararin Allah wayar ta samu layi, ta kira mijinta.

"Dokta, yaya? Ina cikin jirgi, yi sauri."

"Ba ta barci."

"Wa?"

"Ba ta barci, Baban Kurciya. Ta daɗe ba ta yi. Gobe ba za ka bar ta ba. Zan mayar da ita reno yini guda."

"Da wane kuɗin? Kin san in muka yi haka gidan nan..."

"Banki su karɓi abinsu."

Tana jin ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Ya fara cewa wani abu, jirgin ya shiga rami, layin ya yanke.

A gida ta yi mata wanka, ta ba ta ruwa, yarinyar ta shanye kofi biyu. Ta ja labule suka kwanta tare, hancinta cikin gashin yarinyar. Ɗakin ya yi duhu. Jim kaɗan ta ji ɗan hannun ya zare daga jikinta ya tashi sama.

"Ga ni nan," ta ce. "Ga Mama. Ki kira ni kawai."

Ta kamo hannun ta riƙe a ƙirjinta. Kurciya ta jira har riƙon ya sassauta, ta zare, ta mayar da shi sama, ta ci gaba da kaɗawa tana kallon silin.