Shekarun Ɗan Firit

Yarinyar da ke layin gaba ta ɗaga hannu tun kafin marubucin ya rufe littafin Ɗan Firit da yake karanta musu.

"Malam, shekarun Ɗan Firit nawa?"

"Tara," ya ce yana murmushi.

"Yayata ta ce tun tana ƙarama yake shekara tara. Ita kuwa har ta shiga jami'a."

Zauren makarantar ya ɗauki dariya. Marubucin ya ji daɗi, domin tun ɗazu bai shawo kan yaran ba sai yanzu. Ya ce musu masu buga littattafan ne ba sa son yaron ya girma, kada ƙanana su daina karantawa. Daga nan baki ya zarce.

"Amma na gasken ya girma. Ɗana ne, ga shi can baya. Kai, tashi su gan ka mana!"

Saurayin ya miƙe a hankali, dogo, ɗan ajin ƙarshe, gashin baki ya fara tsiro masa. Can sai wani ya ɗaga murya:

"Ashe kai ne ka yi fitsari a motar makaranta!"

"Har yanzu kana gudun kaza?" in ji wani.

'Yan mata suka toshe baki. Shugaban makaranta ya yi ta buga tebur a banza. Saurayin ya rataya jakarsa ya fita, bai kalli kowa ba.

Da aka tashi, malamin ajin saurayin ya raka marubucin bakin ƙofa.

"Duk zamansa a nan bai taɓa gaya wa kowa ba," ya ce a hankali. "Ni ma yau na sani."

Marubucin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A tashar bas ya sami ɗan nasa, zaune a ƙarshen benci yana murza igiyar jaka. Ya zauna nesa kaɗan, kamar baƙo. Bas ta zo, ta cika, ta wuce.

"Na yi wauta," ya ce daga ƙarshe. "Ka yafe mini."

Saurayin bai ɗago ba.

"Zan gyara. Ko sun ƙi ko sun so, a littafi na gaba zai girma. Zan mai da shi saurayi kamarka, mai hankali, wanda kowa zai..."

"Baba."

Muryar ta yi kauri fiye da yadda ya san ta.

"Don Allah ka bar shi a tara. In ya girma, abin da nake yi yanzu za ka fara rubutawa."

Wata bas ta tsaya. Saurayin ya shiga, ya samu kujera, ya ɗora jakarsa a ta kusa da shi. Sai da uban ya shigo ya daɗe tsaye a kansa, sannan ya ɗauke ta.