Ƙashin da Aka Hutar

Tun da aka sa wa Baba Sylvanus ƙarfe a kwatangwalo, bayan babur ya kayar da shi a Kakuri, yake lallaɓa ƙafar kamar ƙwai. Ba ya taka ta sai dole. A kan kujerar roba yake yini a ƙofar gidansa a Unguwar Boro, rediyo na ta surutun 'yan siyasar da suka gaji soja.

Ranar awo a asibiti aka kwantar da shi a wani siririn gado, hannun na'ura ya bi ta kan cinyarsa a hankali. Likita Hajara ta juyo masa da hoton. Ƙarfen fari fat, ƙashin da ke riƙe da shi kuwa ya yi toka-toka.

"Baba, ƙashin nan ramewa yake yi. In ya ci gaba, ƙarfen zai fara girgiɗi, sai an sake yanka ka."

"To 'yata, ai ban wahalar da shi ba. Ko coci a mota ake kai ni."

"Abin da ya cinye shi ke nan. Ƙarfe ya ɗauke masa rabin kaya, kai ka hana shi sauran. Ƙashi sai da nauyi. Ka riƙa takawa kullum, ko wajen aboki ne."

Abokin Baba ɗaya ne, Malam Bello, wanda suka yi aikin masaƙa tare, kuma a da a ƙarshen layinsu yake. Lokacin rikicin Kaduna, Baba da bakinsa ya ce masa ya kwashi iyali ya haye kogi zuwa ɓangaren Musulmi, kada ma ya ƙara zuwa gaisuwa. Bello ya ji magana. Har yau Baba bai sani ba ko ran Bello ya tsare, ko kuwa kansa ya sauke wa nauyi.

Washegari ya ɗauki sanda ya bi layin, yana dogarawa, kwatangwalo na zogi. An shafa wa tsohon gidan Bello shuɗin fenti. Wata mata da bai sani ba tana shanya a waje.

"Baba, lafiya? Wa kake nema?"

"Ba kowa. Likita ce ta aiko ni."

Ya dafa bangon har numfashinsa ya dawo, sannan ya juya gida, yana sakar wa ƙafar nauyinsa duka.