Gungun Maje

"Wane gungu kuma, Inna?" in ji baƙon, yana ajiye kofin shayi. "Ai Gungun Maje shekara tara ke nan ba kowa. Ruwa ya cinye har maƙabarta."

Maryama ta zaro masa ido. Ita ta kawo shi, Ma'aruf, wanda ya zo aikin Umara daga Yawuri, don ya gaida maƙwabciyarta Hajja Hajo da ke kwance ba lafiya. Ta manta ba ta ja masa kunne ba.

Shekara arba'in Hajo ta yi a unguwar Ka'akiyya ta Makka ba takardar iƙama, tana suyar kifi a bakin lungu, amma hirarta ɗaya ce: tsibirin da aka haife ta a tsakiyar Kwara. Kakanta ne ya sari wurin, daga shi sai jirgi ɗaya da mashi. Mutanen gungu ba sa kulle ƙofa, kuma kifin farko ba a sayar da shi, baƙo ake ba. Da la'asar hayaƙin banda kan rufe gari har uwa ta gane ɗanta da tari. Can ta baro kabarin ɗanta na fari.

Hajo ba ta da waya, ta wayar Maryama ƙanen Hajon ke aiko saƙo. Ranar da labarin ambaliya ya zo, tsohuwar na fama da hawan jini, sai Maryama ta ce mata kowa lafiya. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa: an gina sabon masallaci, bana an kama giwan ruwa sai da mutum huɗu suka ɗauka.

"Maryama," Hajo ta kira a hankali. "Kin sani?"

"Na sani, Hajja. Wallahi tsoro na ji, kada..."

"Masallacin fa? Giwan ruwan fa?"

Maryama ta sunkuyar da kai.

"Shekara tara ina aika wa ruwa gaisuwa. Ko kukan garinmu ba ki bar ni na yi ba. Halas, shi ke nan. Tashi ki tafi."

Kwana huɗu Maryama tana kawo kunu, Hajo tana juya fuska bango. Idan wata ta miƙa, sai ta sha. Ran Laraba da hantsi ta cika, ba ta sake ce mata uffan ba.

Bayan maza sun tafi da ita Harami, Maryama ta shiga share ɗakin. A ƙarƙashin gado ta jawo wani ƙunshi: zane biyu a ninke, da sabon takalmin roba irin na shiga ruwa, ko zaren da ya haɗa ƙafafun ba a tsinke ba.