Tukunyar da Ta Hau Jirgin Zariya

Ni Zinariya, 'yar Runka, shekara ashirin da biyu ina dafa wa Malam abinci a Batsari, kuma tun watan farko na gane abin da shi ya ƙi ganewa: cikinsa ba ya shiri da alkama. Ba ƙyama ba ce. In ya ci alkaki guda, kafin la'asar cikin ya kumbura kamar salka, ya kama ƙugi, buta ta zama abokiyar hirarsa har kwana uku. Mutumin da ke jan sallar unguwa kuwa, in alwala ba ta zama a jikinsa, me ya rage masa? Na ce alkama ce, ya ce jarrabawa ce. Na ce to, jarrabawar ba za ta sake bi ta madafata ba. Dawa da gero da wake muka riƙe, muka zauna lafiya.

Abu ɗaya ne ya ƙi barinsa. Kafin ya aure ni ya yi karatu a Zariya wajen wani babban malami, Malam Abdulƙadir, ya gudo ba sallama, saura babi uku ya sauke littafin da suke kai. Sai da na haifa masa 'ya'ya huɗu ya gaya mini dalili, shi ma fuskarsa na kallon bango. Attajiran birni kullum suna aiko wa malamin abinci, kuma abincin girmamawa ai na alkama ne, finkaso, alkaki, taliya. Malamin sai ya taɓa da ɗan yatsa, ya turo wa ɗalibin da ya fi so. Sauran abincin malami albarka ne, ba a mayar da shi. Shekara biyu mijina yana cin albarka yana zarya bayan gida, har babin abubuwan da ke warware alwala ya haddace shi da cikinsa. Ran da ya tashi sau biyar a zaman karatu ɗaya, kunya ta kore shi daga garin.

Shekarar da sojojin Bama suka dawo gida, takarda ta iso daga Malam Abdulƙadir. Ta ambaci sunansa, Yusha'u, wanda ni sai dole ke sa in faɗa, ta ce: "Ƙafata ɗaya tana kabari. Zo ka ƙarasa babi ukunka."

Malam ya karanta, ya yi kuka, ya share hawaye, sannan ya dafe ciki.

Na ce, "Malam, in ka je ka gaya mai gaskiya mana."

Ya ce, "In ce wa malamina albarkarshi ke ba ni zawo? Zinariya, ki ji tsoron Allah."

"To ka ce ka ƙoshi."

"Ban yi mai ƙarya."

Nan dabara ta faɗo mini. In ba zai yi ƙarya ba, sai a mayar da ƙaryar gaskiya. Zan bi shi, in ɗura masa tuwon dawa har wuya kafin ya taka zauren nan, yadda in ya ce ya ƙoshi mala'iku ma su shaida. Da na gaya masa, ya ce mace ba ta bin miji neman ilimi. Na ce ni ba ilimi zan bi ba, cikinsa zan bi. Na ɗaure tukunyar ƙasata da muciya da garin dawa da kuka da daddawa, na riga shi fita.

Mun bi jakuna zuwa Safana, muka kwana Runka wajen yayana, daga baya motar auduga ta kwashe mu zuwa Funtuwa, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Duk hanyar nan ban sha wahala ba, don duk inda aka yi zango duwatsu uku ba sa gagara. A tashar Funtuwa ne aka fara gwada ni. Masu talla sun yi mana caa, wannan burodi, wannan fanke, wannan alkaki, kowa na tura wa Malam tire don sun ga rawani. Na kore su kamar kaji. Wata mai ƙosai ta matso, na ce wake dai ba ya cutar kowa, amma sai da na tambaya.

"Baiwar Allah, wake zalla ne?"

"Zalla, Inna."

"Man fa? Mi kika soya cikinshi kafin ƙosan?"

Ta ce, "Fanke ɗan kaɗan."

Na ce ta wuce da ɗan kaɗan ɗinta. Malam ya bi tiren da ido kamar maraya. Tun asuba ruwa kawai ya sha, furar guzuri ta ƙare tun jiya, amma na ce ya yi haƙuri, ai za a yi zango a hanya.

Kada wanda ya yi mini dariya. Ubana bafatake ne, na tashi na san yadda tafiya take. Ayari ba ya tsayawa sai inda ruwa yake, in an shayar da dabbobi mutane su ɗora tukwane, kuma madugu ba ya cewa a tashi sai tukunyar kowa ta sauka. Wannan ka'ida ta girmi Bature da jirginsa. Saboda haka da muka yi nisa, jirgi ya tsaya a wata 'yar tasha cikin daji, na leƙa na ga an saka masa wani ƙaton bututu a ƙeya ana ɗura masa ruwa, ban tambayi kowa ba. Ana shayar da dabba, zango ya yi. Na sauka da kayana.

Wani tsohon soja da ke zaune kusa da mu, Sule, ya leƙo ta taga. "Inna, ina za ki?"

"Tuwo zan tuƙa."

"Jirgi ba shi jiran tuwo!"

Na ce masa shi da ya je Bama bai koyo ladabi ba, ya dawo zai koya mini tafiya.

Duwatsu na nan birjik a gefen dogo. Ruwa na tara a inda bututun ke yoyo. Wuta ce babu, sai na taka har kan jirgin don in gaida madugu, wato mai tuƙa shi, in sanar da shi ina da tukunya a ƙasa. Madugun yana can ɗaya gefen yana duba ƙafafun abinsa, sai na tarar da wani baƙi wuluk da gumi yana zuba wa jirgi kwal da shebur. Da na hango wutar da ke cikin nan raina ya ɓaci. Wutar da za ta dafa abincin sunan Batsari kaf, ga ta tana ci a banza, ko tukunyar ruwan zafi ba a ɗora mata ba.

Na ce, "Sannu da aiki, ɗana. Wuta na zo ɗiba."

Ya dube ni, ya dubi kaskon da ke hannuna. Ɗan halak ne, ya san ba a hana maƙwabci wuta. Ya ɗebo garwashi a bakin shebur ya zuba mini, ya ce wani abu game da minti goma. Ni ban san minti ba, na ce Allah ya yi albarka, ya gaya wa madugu akwai tukunya ɗaya.

Garwashin nan ba irin namu ba ne, kafin ka ce kwabo ruwa ya tafasa. Na dama gari na yi talge, ya fara tsalle yana fuf-fuf, ƙamshin dawa ya tashi har Malam ya leƙo yana haɗiyar yawu. Ina cikin jin daɗi sai jirgin ya yi wata irin ƙara. Na ɗaga muciya na yi masa alamar ya dakata. Ya sake ƙara. Sai na ga tagar da Malam yake ciki tana tafiya.

Malam ya fito bakin ƙofa yana salati, yana miƙo mini carbi, kamar carbi zai ja mace mai jikina. Na naɗe gefen zane na sungumi tukunya da zafinta, muciya a baki, ƙullin gari a ka, na bi jirgi da gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Sule ya ture Malam gefe ya miƙo hannu.

"Jefar da tukunyar, Inna!"

Da muciya a bakina ban iya zaginsa ba, sai na miƙa masa tukunyar. Ya karɓa yana ihun zafi, ya dire, sannan ya fizgo ni kamar buhun gyaɗa. Takalmina ɗaya yana can har yau. Rabin talgen ya ƙare a kan takalman sojan da gaban rigar Malam, rigar da ya ajiye shekara biyar don wannan rana. Mutanen jirgi suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa na zauna na rungume tukunya, na yi kuka na gaske, don talge ba ya ƙosar da kowa, kuma ga Zariya tana matsowa.

Mun isa gidan Malam Abdulƙadir bayan azahar, daidai lokacin da bai kamata ba, lokacin kawo abinci. Aka shigar da Malam ɗakin tsohon, ni aka kai ni wajen mata. Ko gaisuwa ban gama ba na roƙi murhu. Talgen da ya huce aka sake ɗora shi ba ya yafewa. Na zuba gari na tuƙa har kafaɗata ta yi ƙara, amma gudaji suka cika shi kamar tsakuwa. A Runka yarinya ta yi irin wannan tuwon, sai an yi shekara ana ba da labarinta. Ina kaɗa miyar kuka kenan sai ga akushi ya wuce ta gabana, an rufe da faifai mai ado, ƙamshin finkaso na binsa.

Na bi akushin da tukunyata, ƙafa ɗaya ba takalmi, na laɓe bayan asabari. Tsohon yana kishingiɗe, ya rame kamar kara. Ya buɗe faifai, ya taɓa finkaso da ɗan yatsa, ya tura gaban mijina.

"Ci, Yusha'u. Shekara ashirin da biyar ina ajiye maka."

Malam ya yi bisimilla. Na san in lomar nan ta wuce, gobe war haka muna tasha, babi uku kuma sai a lahira. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Allah gafarta Malam, kada shi ci! Alkama ba ta zama cikinshi. Ita ta kore shi wancan karon, ba rashin kunya ba. Ga tuwon dawa nan, ya yi gudaji, amma ba shi tada kowa tsakiyar karatu."

Mijina ya sunkuyar da kai, na tabbata yana lissafin saki nawa ya halatta a zama ɗaya. Tsohon ya ce, "Wace ce wannan?"

"Iyalina ce, Allah gafarta. A yi mata afuwa, jirgi ne ya girgiza ta."

"Miƙo tukunyar."

Na tura ta ƙarƙashin asabari da ƙwaryar miya. Ya gutsura, ya tauna gudajin nan a hankali da sauran haƙoransa, ya sake gutsura. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce, har da hawaye.

Ya ce, "Yusha'u, kai a ganinka me ya sa nake taɓawa da yatsa ɗaya? Shekara hamsin ke nan alkama tana yi mini abin da take yi maka. Masu aikowa manyan mutane ne, ban iya ce musu a'a ba. Na duba cikin ɗalibai na ga kai kaɗai ne ba ka taɓa barin ko ɓarɓashi ba, na ce wannan yaro yana son abin nan, bari in faranta masa."

Mijina ya ɗago, baki buɗe. "Ni kuma na ce albarka ce."

"Albarkar tana nan. Amma da ka yi magana, da tuni mun sauke littafin nan muna shan fura." Ya goge ido da hannun riga, dariyar ta tsaya. "Da ka tafi ba sallama, na ɗauka karatuna ne ka raina. Shekara ashirin da biyar ina neman laifin da na yi maka."

Daga nan ba wanda ya sake dariya. Na ji mijina yana kuka kamar yaro, na koma madafa don ba a kallon miji a irin wannan hali.

Kwana goma sha tara muka yi. Kullum ni ke tuƙa musu, su biyu akushi ɗaya, finkason attajirai kuwa maƙwabta suka yi ta godiya. Suka sauke babi uku ba wanda ya tashi neman buta. Ran da za mu tafi tsohon ya sa aka kira ni bayan asabari, ya ce in bar masa tukunyar. Na ce Allah gafarta ai ta tsage a gindi tun ranar jirgi. Ya ce ya sani, a bar masa hakanan.

Tsohon bai kai damina ba ya rasu. Wanda ya kawo mana labari ya ce har ranar ƙarshe a cikinta ake dama masa kunun dawa, an liƙe tsagar da laka, kuma ko cokali ɗaya bai taɓa ragewa ya tura wa wani ba.