Rigunan Balarabe

Mainasara ya ɗaga rigar sama ya jijjiga ta, sai ya ji abin da ke cikinta ya zube ƙasa kamar audugar tsohuwar katifa. Warin gumi da ruma ya daki hancinsa.

"Ta sojoji ce, Yaya," in ji Balarabe, ƙanen matarsa, wanda ya baza rigunan a kan buhu a bakin tashar Tudun Wada. "Gwanjo ce daga waje. Harsashi ba ya huda ta."

Tun da 'yan fashi suka harbe wani direba a dajin Falgore, direbobin bas irin su Mainasara ba sa shiga dajin sai sun haɗu ayari. Matarsa Laraba ce ta matsa masa ya zo ya sayi ɗaya daga cikin rigunan.

Ya shafa ƙirjin rigar, ya matsa da yatsa. Ya juya ta, ya ga ɗinki a gefe da sabon zare, fari fat a jikin tsohon yadi.

"Wa ya ɗinke nan?"

"Haka ta zo."

Mainasara ya zaro reza daga aljihu ya farke ɗinkin. Ya zura hannu ya jawo abin ciki. Saman dai wani yadi ne rawaya mai tauri, falle biyu, duk ya rududduge. Sauran kuwa kwali ne da yankakken tsohon kafet.

Direbobin tashar suka matso suka kewaye su.

"Kwali, Balarabe? Kwali za ka ɗaura wa mijin yayarka ka tura shi gaban bindiga?"

"Wallahi ni ma haka aka sayar mini. Ban buɗe ba."

"Ba ka buɗe ba, amma ka iya rantsuwa! Mutum nawa suka saya?"

Balarabe ya sunkuyar da kai. Wani ɗan kamasho ne ya amsa: "Rufa'i ya ɗauki ɗaya ɗazu. Ya ce shi ya gama jiran ayari. Yana ajiye fasinjan Doguwa zai wuce Jos shi kaɗai."

Rufa'i maƙwabcin Mainasara ne, 'ya'yansa mata huɗu, babbarsu ba ta gama firamare ba.

Mainasara ya cakumi wuyan rigar Balarabe, sannan ya sake shi. Ya juya wajen fasinjojinsa da ke zaune cikin mota, ya ba su haƙuri, ya ce su koma ta bayansa.

"Kai kuma, Balarabe, shiga gaba. Mu bi shi. Da bakinka za ka gaya masa abin da ka sayar masa."

"Ta Falgore? Mu biyu, Yaya?"

"Mu biyu."

Balarabe ya dubi fuskokin mutane, bai ga mai ceto ba. Ya tsuguna, ya ture rigunan da ya baza gefe guda, ya zura hannu can ƙasan wata jaka, ya ciro wata riga mai nauyi wadda babu sabon ɗinki ko ɗaya a jikinta. Ya soma ɗaura ta da sauri.

Mainasara ya tsaya yana kallonsa har ya gama.

"Ashe dai ka buɗe," ya ce.

Ya shiga mota ya tayar.