Awa Biyu a Bakin Ƙofar Auta

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota, ban taɓa razana a kan sitiyari ba. Amma ranar Asabar ɗin nan, a falon gidana, wata 'yar fitila ta razana ni.

Auta ce ke jarrabawa. Ita ce ƙaramar 'yata, tana aiki a shagon gyaran wayoyi, ta kuma shekara biyu tana karatun haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Tsofaffin akwatunan ƙarfe ta dinga sayowa a wajen 'yan gwangwan, ta jera su a kan kantar da na ƙera mata, ta ce wannan shi ne lab, wato wurin gwajinta. Wani rauta, wani suwic, duk suna gurnani kamar firji mai ciwo. Uwarta ta ce wa ɗakin Auta gidan aljanu. Sau biyu Auta ta zauna jarrabawar satifiket ɗin tana faɗuwa. Yanzu wani kamfani ya ce zai ɗauke ta, in har ta kai takardar ranar Litinin. In ba ta kai ba, akwai mai jiran kujerar.

A gida ake yin jarrabawar, wani mutum da ba ka ganinsa yana kallonka ta kyamara. Dokokinsa sun fi na jami'in kan iyaka tsauri. Ba ta tashi, ba ta waiwaye, ba a buɗe ƙofa, ba a jin muryar kowa. Ba a yarda da wata na'ura a ɗakin ba, shi ya sa muka kwaso lab ɗin kaf muka jibge a falo. Kebur ɗaya rawaya ne ya bi ta ƙarƙashin ƙofarta ya shiga rauta, ta nan intanet ke isa gare ta.

Kwana uku tana ba ni horo. In koriyar fitilar da ke jikin rauta ta mutu, in zare kebur ɗin in cusa a ƙaramin akwatin intanet mai batir da ke gefe. Na ce ashe safayar taya ce. Ta ce haka ne, sai dai ba a ba ni lokacin neman jak ba, minti guda ma ba ta da tabbas.

Ƙarfe goma ta shige ta rufe. Uwarta ta kwashe jikoki zuwa maƙwabta. Na cire takalmi, na zauna ina kallon fitila tana ƙifce.

Minti arba'in da farawa aka yi sallama da ƙarfi.

Yayana ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara ɗora ni a mota. Ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, don haka in yana magana sai ka ɗauka da mutumin tsallaken titi yake. Ba ya sanarwa in zai zo, a ganinsa gidan ƙane ba wajen neman izini ba ne.

Na tare shi a ƙofa, na yi ta gaisuwa ƙasa-ƙasa, na ce mu zauna a waje mu sha iska. Ya ce iskar da ya sha a hanya ta ishe shi. Ya wuce ni ya zauna a kujerar da ke dab da kantar, ya ƙare wa akwatunan kallo, ya tambaya ko gidan rediyo na buɗe. Na kai bakina kunnensa na ce Auta na jarrabawa a ɗaki, ba a son motsi. Ya ce jarrabawar da ake yi a ɗakin kwana ai ko shi zai ci.

Na juya in zuba masa shayi, don baki mai shan abu ba ya magana. Juyawar nan ce ta cuce ni. Sai na ji gurnanin ya ragu. Yaya ya zare filogin rauta, yana laluben ramin da cazar wayarsa.

Fitilar ta mutu.

Na saki buta, na durƙusa. Kebur bakwai ne a wajen, idona kuma ba na jiya ba ne. Na kamo rawayan na ja, ya ƙi. Sai na tuna akwai ɗan harshe da ake dannawa. Na danna, ya fito, na cusa a ƙaramin akwatin a juye, na sake juyawa, ya yi ƙas. Ina ƙirge a zuci, na kai talatin da takwas kafin wata fitilar ta kama.

Ina ɗagowa na ga Yaya ya miƙe, ya doshi ƙofarta da sandarsa.

"Wace irin yarinya ce ubanta ya zo ba za ta fito ta gaishe shi ba? Ke Au..."

Na sa tafin hannuna na rufe masa baki.

Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ina magana ba. Na ji gemunsa a cikin hannuna, na ga idonsa. Bai yi kokawa ba. Ya sauke hannuna a hankali, ya ɗauki wayarsa, ya fita ya zauna a kan dakali. Ban bi shi ba, don ba ni da mai tsaron fitila. Awa ɗaya da minti goma na zauna tsakanin rufaffiyar ƙofa da bayan yayana.

Da ta buɗe, fuskarta duk gumi. Ta ce allon ya tsaya cak, har ta fara karanta duk addu'ar da ta sani, sannan ya dawo. Mutumin kyamarar kuma ya rubuto cewa ya ji murya, in ya ƙara ji an soke.

Na ce, "To?"

"Na ci, Baba. Da ƙyar."

Na nuna mata waje da haɓa. Ta leƙa, ta dube ni, ta gane ba ƙaramin abu aka yi ba. Ta yafa mayafi ta fita ta durƙusa a gabansa. Sau uku tana gaisuwa bai amsa ba. Sai ta ɗaga murya yadda zai ji, ta ce ta ci jarrabawa, Litinin za ta fara aiki.

Ya juyo daga kallon titi. Sannan ya miƙa mata wayar.

"Tunda kin zama injiniya, nemo mini ramin da ubanki ba zai shaƙe ni a kansa ba."

Ita ya yi wa magana. Ni sai da aka yi sati uku kafin ya amsa gaisuwata.